A Haɗa Wa Karen Alhaji Shayi Mai Kauri

A shekarar 2020 aka buɗe wani gidan shan gahawa a birnin Khobar na ƙasar Saudiyya, inda mutum zai shiga riƙe da igiyar karensa, ya nemi kujera ya zauna, a kawo masa gahawa, shi kuma karen a shiga da shi ciki a yi masa wanka da gyaran gashi. Saudiyya fa nake faɗa, ƙasar da muke sayar da gona da bijimai don mu je mu ga ɗakin Allah. Turawa kuwa sun daɗe da wuce nan. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2014 wadda ta yarje wa gidajen abinci su karɓi karnuka a farfajiyarsu ta waje, jihar New York ta bi sahu a 2015. Wato 'yan majalisa ne da albashinsu da alawus ɗinsu suka zauna suka yi muhawara a kan ko kare zai kwanta a ƙarƙashin tebur. A shagunan Starbucks har akwai ɗan kofin kirim da ake miƙa wa kare, don kada ya zauna yana kallon bakin ubangidansa.

To abin da ya riga ya shiga Saudiyya, ai tsakaninsa da Zamfara jirgin alhazai ne kawai. Idan kuma zai sauka, ban ga inda ya fi cancanta da shi irin Talata Mafara ba. Yankin da ya ba jihar nan gwamna uku, Yarima daga Bakura, Yari daga Mafara, Matawalle daga Maradun, ba za a bar shi a baya a harkar wayewa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2018, ga ɗalibai nan kowa da waya a hannu yana kallon yadda duniya ke shan shayi. Gari sai miƙa ƙafa yake yi. Inda bara aka yanke gero, bana fuloti ne, baɗi katanga ce mai waya a kai da baƙin get. Duk inda aka kafa baƙin get kuwa, ba a jimawa za ka ga an rubuta gargaɗi da Turanci cewa a yi hattara da kare, ko da abin da ke cikin gidan bai wuce agwagwa biyu ba.

Sai dai kafin a kawo mana abin a matsayin sabo, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wajen cin abinci tare da dabbobi, duniya ce ke bin sawunmu. A 1998 aka buɗe gidan shayin kyanwoyi a birnin Taipei, daga baya Japanawa suka ɗauka suka yayata shi, ana ta tafi ana cewa an zo da fasaha. Mu a lokacin kyanwar mai shayin tasha ta riga ta ga jikokinta a ƙarƙashin tebur.

Je ka rumfar masu tuwo ranar Talata, kasuwa ta cika ta batse, masu albasa da masu shinkafar Bakolori sun sauke kaya suna neman abin taɓawa. Akuya za ta shigo ba sallama, ta zagaya benci, ta leƙa kwanon kowa kamar jami'ar duba-gari, sannan ta nufi kwandon kayan miya. Mai tuwo za ta ɗaga ludayi ba tare da ta waiwaya ba. Akuya za ta ja da baya taku biyu, ta jira a sauke ludayin, ta dawo. Wannan yarjejeniya ce da ta girmi madatsar Bakolori, ita kuwa tun 1978 aka kammala ta. Kaji suna ƙasa suna aikin shara. Ragon da aka saya yana ɗaure a ƙafar benci yana tauna gefen rigar wanda ke kusa. Ƙuda ba a lissafa shi cikin baƙi, da shi aka buɗe shagon. Ungulu ce kaɗai ta yi ritaya, yanzu ko a mahauta ba ka cika ganinta ba. Duk wannan jama'a ba wanda ya taɓa tambayarsu takardar shaida, kuma ba majalisar da ta zauna a kansu.

Kare kaɗai aka ware. Shi da ya tunkaro rumfa, tun daga nesa hannaye goma sun duƙa neman dutse, har da hannun wanda ke ciwon baya ya shekara yana sallah a zaune. Alhali in za a bi cancanta, duk cikin dabbobin nan shi kaɗai ne ma'aikaci. Akuya me ta taɓa tsarewa? Kyanwa tana kallon ɓera yana jan burodi, ta juya ta ci gaba da barci. Kare ne ke kwana a waje cikin hunturu, shi ke bin shanun Fulani, shi ke bin matasa daji da rani idan an fita farauta, ya shiga ƙaya ya fito da zomo, a gasa a cinye a jefa masa kai. Har a karin magana mun yarda cewa karen bana ke maganin zomon bana. A magana muna girmama shi, a zahiri kuwa sai jifa.

Ka tambayi mai jifan dalilinsa, zai ce maka najasa ne. Nan ne abin ke ba ni dariya. Mu da muka tashi da Ahalari da Ishmawi da Risala, a mazhabar Imamu Malik duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da guminta da yawunta, kuma ba a cire kare ba. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha ruwa a ciki, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bin umarni ne, ba don ƙazantar bakin ba. Masu cewa najasa ne mai nauyi su ne Shafi'awa. To mu a alwala Malikawa ne, a rabon gado Malikawa ne, amma da kare ya gifta sai unguwa duka ta koma mazhabar Shafi'i ba tare da an sanar da liman ba. Kar wani ya ce na ba da fatawa, ni ban kai nan ba. Hanin ajiye kare a gida ba tare da buƙata ba yana nan a hadisi, an kuma keɓe na farauta da na kiwo da na gona. Amma a hadisin ne kuma aka ba da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi. Wannan ɓangaren ba a cika tuna shi ba idan dutse na hannu.

Masu sharhin Risala suna ba da labarin marubucinta, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, cewa katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik bai son haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamanin, zaki ma zai ajiye. Wanda ya kwana a ƙauyukan Maradun ko Bakura a 'yan shekarun nan ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan amsa. Haushin kare da tsakar dare ya sha ba mutane 'yan mintocin da suka kwashi yara suka fita ta bayan gida. Gari na wayewa, in an tsira, karen ya matso kusa da tukunyar koko, a ce a kore shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan ƙyama ta karen gida ce, wannan ja mai tsayin ƙafa da haƙarƙari a waje, wanda maigidansa ya raɗa masa suna don habaici ga maƙwabci, ana kiransa Ba-ruwanka ko Kalla-da-ido. Amma akwai wani kare a bayan baƙin get. Shi ɗan Jamus ne, ko kuma ƙaton nan na Afirka ta Kudu mai faɗin kai, ko mai tarin gashin nan da aka halitta don ƙanƙarar duwatsun Rasha aka kawo shi ya sha zafin watan Afrilu a Mafara. Sunansa Jak ko Taiga. Abincinsa a buhu yake zuwa da hoto a jiki, yana da likita, yana da kati, yana da yaron da aikinsa kawai ya fita da shi shan iska da la'asar. Kuɗin da aka saye shi zai aurar da budurwa har da gara. Wannan karen ban taɓa jin an jefe shi ba. Ko kallon banza ba a yi masa, sai dai a matsa gefe a ce, “Kai, Allah mai halitta.”

Don haka ku ƙaddara an buɗe mana irin wancan wurin a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato. Da magariba mota ta tsaya, Alhaji ya fito, yaro na biye da shi yana fama da sarƙa. Mai shayi zai goge hannu a jikin riga ya taso.

“Alhaji barka da isowa, ranka shi daɗe. Wanga shi na baƙon namu? Tubarkalla, ya yi jiki. Mi za a haɗa mai?”

“Shayi mai kauri, ƙwai huɗu. Kar ka sa yaji, likita ya hana shi.”

Dattijon da ke gefen benci, wanda ya shekara arba'in yana wa'azin najasar kare a majalisa, zai ɗan janye butarsa, ya tattare bakin riga, ya gyara murya ya ce, “Ai irin waɗanga ba su da najasa ƙwarai, na waje na.” Jama'a su ce haka ne Baba. Can tsallaken titi Ba-ruwanka ya hango ɗan uwansa a kan tabarma ana fifita masa shayi, ya ɗauka zamani ya canza, ya kaɗa wutsiya ya tsallako. Dattijon nan dai, bai ma ajiye kofinsa ba, zai laluba ƙasa da ɗayan hannun.

Wanda sabon tsarin zai fi taɓawa ba ya cikin masu muhawara. Yaron nan ne da ke tsaye a bayan benci da roba, yana jiran wani ya ƙoshi ya rage. Shi da ma a bakin rumfa yake tsayawa, ba a taɓa ce masa bismillah zauna ba. Yanzu zai ga an shimfiɗa wa Taiga tabarma, an soya masa ƙwai huɗu, ya ci biyu ya kau da kai. Sauran biyun sai a yi shawara, ko a ba yaron ko a ƙulle a leda a kai wa Taiga gida don dare.

Akwai kuma batun allo. A rubuta shi da kyau, don titin nan na matafiya ne. A Dawaki, cikin ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, akwai babbar kasuwar karnuka da ke ci duk Alhamis, kuma fatake na zagaya ƙauyukan Arewa suna saye suna kaiwa. Kowa da abincin gidansu, ban ce komai ba. Amma idan aka rubuta kawai cewa akwai kare a nan, wani baƙo zai tsaya ya ce a zuba masa na ɗari biyar da romo, Alhaji kuma yana zaune.

Sai maganar kati a bakin ƙofa. A irin waɗannan wurare na waje, kare mai rigakafi ake so ya shiga, kuma da gaskiyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. An ware 28 ga Satumba don tunawa da shi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kuma tana yin allurar karnuka. Wanda kare ya ciza, abin da likitoci ke cewa shi ne ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya nufi asibiti. Mu kuwa wasunmu sai a bazama neman karen, a tsige gashinsa a ƙona a shafa a ciwon, wato a je a ba shi damar cizo na biyu. Ku duba dai wa za a ce ya kawo katin rigakafin kare. Mutumin da ke ɓoye 'ya'yansa a bayan rumbu idan masu ɗigon shan-inna sun shigo unguwa, shi ne zai ɗauki Kalla-da-ido a bayan babur ya kai shi asibitin dabbobi? Zai ce allurar hana karnukan Musulmi haihuwa ce.

Masu shayin Mafara dai na san ba za su tsaya jan ayoyi da hadisai ba, su lissafinsu daban ne. Kowannensu yana da wani tsohon littafi mai maiƙo a ƙarƙashin gwangwanin madara, cike da sunayen masu manyan riguna, waɗanda ke zuwa su sha mai kauri da burodi da ƙwai, su share baki su ce a rubuta sai an yi albashi. Wasu albashin ya zo ya wuce sau ashirin, sun canza hanyar zuwa masallaci. Ka ce wa mai wannan littafin za a kawo masa sabon kwastoma mai ƙafa huɗu, tambaya ɗaya zai yi maka, ko da kuɗi hannu yake zuwa. In ka ce eh, zai ta da mutum uku daga benci, ya kakkaɓe wurin da tsumma, ya ce a shigo da shi.