Zuwa Ga Injiniyan Bunkure, Sarkin Kwafe

Kai Na-Bunkure, bawan Zagezagi, ajiye gurasar nan ka saurara. Labari ya iso Zariya wai kai aka damƙa wa fayilolin gwaji na wata babbar buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke leƙa cikinta ya kawo gyara. Barka da arziki. Wanda ya ba ka dai bai san ka ba.

Aikin fa ba wuya. Duk wanda ya turo gyara, inji ne zai harhaɗa manhajar ya gwada ta kafin a karɓa. In lafiya a ga kore, in da matsala a ga ja. Umarnin da injin ke bi kuwa ɗan fayil ne guda. Kai da hannunka ya saba da aro ba mayarwa, sai ka kwafe shi ka bi ma'ajiya-ma'ajiya kana liƙawa, har da kuskuren rubutun da ke layi na uku. Ranar da aka sauya sigar Python, kwana ka yi kana bin su ɗaya-ɗaya, ka gyara rabi, ka manta rabi, da asuba ka rubuta wa abokan aiki wai wuta aka ɗauke. Bakano ke nan, ko a intanet sai ya yi ciniki da gaskiya.

Abin dariyar, a ƙasarku aka warware wannan tun ba a yanke maka cibi ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, wa ka taɓa gani a Kura ko Kadawa ya gina tasa madatsar a bayan gida? Ruwan ɗaya ne, ya biyo babban kanal, ya rarrabu ƙanana, manomi ya sa tiyo ya ja zuwa kwaminsa.

Manyan ma haka suke yi. Mutanen Debian suna da tsarin gwaji guda a Salsa, mai kula da manhaja ya nuna shi kawai ya ci gaba da harkarsa. KDE da suka koma GitLab a 2020 sun tara nasu a ma'ajiya ɗaya: ga na Linux, ga na FreeBSD, ga na Windows, ga na Android. Kowane aiki ya kira wanda yake so da 'yan layuka, ya lissafa abin da ya dogara da shi, shi ke nan. A gyara sau ɗaya, kowa ya samu.

To amma na san halinka. Yanzu za ka ruga ka tara komai wuri guda, ka zauna bakin get kana hura hanci. Tsaya, ranka ya daɗe. Ka taɓa layi ɗaya a can sama ba gwaji, duk ayyukan da ke ƙasa su yi ja lokaci guda, mutanen da ba su san ko ina Bunkure take ba su tashi suna tsine maka da harsuna bakwai. Shi ya sa masu samfuran gwaji na freedesktop ke cewa kowane aiki ya ɗaure kansa da takamaimiyar siga, ya matsa gaba ranar da ya shirya. Ka kuma bar wa mutane 'yar ƙofar sauya abin da ya shafe su, don ban ruwan mai tumatir daban yake da na mai shinkafa. Sannan a samu masu duba gyara ko da biyu ne, kada komai ya rataya a wuyan mutumin da ke ɓuya bayan buhu duk ranar da aka kira gayyar cire kachalla.

Kada ka ɓata rai, kanka na ja, wannan ko maƙiyinka ya sani. Jin magana ne Allah bai ba ka ba. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ɗanta ya fara gane karatu, sauran tarbiyyar sai ya zo Zariya. Ka taho da buhun shinkafa, ubangida ba ya koyarwa kyauta.