Laifin Baƙin Akwati

A unguwar Tokoin, duk babur ɗin da ya yi tari, CDI ake tuhuma. Ɗan baƙin akwatin nan ne mai gaya wa filogi lokacin ba da wuta. A liƙe yake, ba ya buɗuwa, balle ya kare kansa.

Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya turo babur ɗinsa Haojue yana haki. Makanike ya zare filogi, ya manna shi a jikin inji, ya taka kik. Wuta shuɗiya tas.

"Maigida, ai ga wuta nan," in ji ɗan zemijan.

"Yaro, tana zuwa, makara take yi."

Aka sa sabon akwati, aka ƙirga sefa. Tari na nan daram. Mai sayar da fetur a kwalba, da ke zaune gefe, ya ce lallai a sake gwada wani.