Gidan Gado Ya Sha Kwalliya

A Zaitawa, cikin birnin Kano, in ka ga an jibge yashi da buhunan siminti a ƙofar gidan da rabonsa da yaɓe tun zamanin Shagari, kada ka ɓata bakinka wajen tambayar ko 'yar gidan za a aurar. Ba biki ba ne, ba kuma gyaran Sallah ba. Tsohuwar da ta rage a gidan ce Allah ya yi wa rasuwa, an yi sadakar arba'in, magada sun zauna, sun kuma yanke shawarar da kowa ya riga ya yanke a ransa tun ranar jana'iza: a sayar, kowa ya kama rabonsa.

Sai dai ba a kai gida kasuwa haka nan tsurarsa. Dole a gyara masa fuska.

Ni inda kuɗin gyaran ke fitowa ne ke ɗaure mini kai. Shekara da shekaru Inna tana aika wa 'ya'yanta: indararo ya karye, ruwa na bin bango, gara ta cinye azarar ɗakinta. Na Abuja ya ce a bari a yi albashi. Na Legas ya ce kayansa sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Na Jidda ya turo addu'a mai tsawo da muryarsa mai daɗi. Tsohuwa ta yi ta jera kwanoni a tsakar ɗaki duk damina, har ta koma ga Mahaliccinta. Yau dillali ya ce in aka yi wa gaban gidan filasta farashi zai ɗaga, kafin la'asar kuɗi sun haɗu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, masu gini da yawa suka dakata, amma ban ji gidan gadon da aka fasa yi wa kwalliya saboda tsada ba.

Ƙa'idar aikin guda ce: duk inda idon mai wucewa bai kai ba, ba ya cikin lissafi. Bangon gaba da zaure, iyakar ke nan. Bangon baya, wanda ya kumbura ya jingina da na maƙwabci, an bar shi a hannun Allah.

Ku tambayi kowane tsohon magini, zai gaya muku siminti da jar ƙasa ba sa ga maciji. Ginin tubali yana shan danshi yana fitarwa. In ka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ya sami 'yar kafa ya shiga ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana jiƙa ƙasar ta ciki, har wata rana filastar ta ɓanɓaro ta faɗo gaba ɗaya. Mutanen da, waɗanda muke wa kallon ba su waye ba, sun san abin da ya dace da ginin nan. Suna sabunta yaɓe in damina ta wuce. Suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Suna haɗa laso da katsin da ake kwasowa daga karofi, irin na Ƙofar Mata, a zuba gashin jima da dafara, ruwa ya sauka a kai ya zame. Wannan aiki ne na wanda yake nufin zama a gidan. Mu kuwa wata uku kawai muke so bango ya yi haƙuri, har a ƙirga kuɗi.

Daga nan sai a hau kan zankwaye. Yaya babba zai tsaya daga nesa, hannu a ƙugu, ya ce, "Kai, a sauke waɗannan ƙahonin, suna sa gidan ya yi kama da na mutanen da." To ai na mutanen da ɗin ne, Yaya. Dagin da kakanku ya biya magini ya zana a saman ƙofar zaure kuma sai a liƙe shi da tayil mai sheƙi, irin wanda ake sa wa banɗakin otal. Ga Gidan Makama can kusa da fada, baƙi na tahowa daga Turai da Amurka suna biyan kuɗi don su ɗauki hoton irin abin da muke biyan lebura ya kankare. Ban ce kowa ya zauna cikin gidan tarihi ba. Amma a rasa abin da za a ɗora a madadinsa sai tayil ɗin banɗaki?

Fenti kuwa daga Ƙofar Ruwa ake sayo shi, bokiti ɗaya, a yi masa tsarki da ruwa har ya zama uku. Launin da aka fi so shi ne ruwan madara da ratsin ruwan ƙasa, wai shi ne na manyan gidajen Nassarawa. Sai a kira mai walda ya cire ƙyauren katakon nan mai ƙusoshi, ya kafa ƙaton get baƙi mai ado ruwan zinare. Get na shigar mota, a lungun da in mai kura ya shigo da jarkokin ruwa sai kowa ya manne da bango! Kwatar ƙofar gida a ɗora mata katako a watsa yashi. Akuyoyi a kai su hutu gidan Gwaggo. Gida ya fito fes, kamar dattijon da ya rina gemu zai je neman auren budurwa: daga nesa saurayi, sai ya zo tashi daga tabarma a ji gwiwa ta yi ƙara.

Lokaci ma ana zaɓarsa. Ba mai hankalin da zai kawo mai saye a watan Agusta, lokacin da ruwan Kano ke zuba ba ji ba gani, lungu ya zama rafi yana neman hanyar Jakara. A bari sai rani, sa'ad da kowane rufi nagari ne.

Sauran aikin na dillali ne, shi ma fentinsa a baki yake. Zai tsuguna ya ɗauki hoto ta ƙasa, yadda gidan zai yi tsawo, bola ba ta fito ba. "Alhaji, gida ne na malamai, an sha sauke Alƙur'ani a cikinsa. Ka taka kaɗan kana Kurmi. Ruwan rijiyarsa kamar zuma. Mota har ƙofa." Bai faɗi irin motar ba, ta yara ce ta gwangwani ko ta gaske. Kafin hoton ya isa hannun mai kuɗi ya bi ta wayar dillalai biyar, kowanne ya ɗora nasa, kowanne kuma yana rantsuwa shi kaɗai ne yake magana da masu gida kai tsaye.

Duk wannan dabara za ta yi aiki a Rijiyar Zaki ko Hotoro, inda mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Amma nan cikin birni ne. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya fara ganuwa wajen shekara 900 da suka wuce, mutanen nan suke zaune bango na jingine da bango, kowa ya san tsagar gidan kowa. Ranar da aka kawo mai saye, yara ne za su fara yi masa rakiya. Wani mai ɗan kamfai zai nuna sabon fenti da yatsa: "Nan ne wurin da ya rushe bara!" A daka masa tsawa, a ba shi hamsin ya je ya sayo alewa.

Ita maƙwabciya ba a korarta da hamsin. Za ta fito da carbinta, ta gaida baƙo cikin mutunci, ta dubi gidan ta yi ajiyar zuciya.

"Allah sarki, Hajiya ba ta ga wannan gyara ba. Alhaji, kai ne za ka saya? Allah ya sanya alheri. Gida ne mai albarka, wallahi. In ruwa ya shigo muku, kada ku ji nauyi, ku miƙo kayanku ta katanga, haka muke yi da marigayiya kowace shekara."

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi gulma ba, addu'a ma ta yi. Yaya babba yana murmushi, gumi na bin wuyansa.

Liman ma ya taɓa maganar bayan sallar Magariba, bai kama suna ba. Ya ce abin da ake karantawa a Risala a zaurukan garin nan a fili yake: ɓoye aibin kaya algus ne, kuma wanda ya saya ya tarar da aibin da aka rufe masa yana da ikon mayarwa. Kowa ya gyaɗa kai. Yaya ya fi kowa gyaɗawa, don a fahimtarsa da masu jiƙa hatsi ake.

Shi kuwa Alhajin da aka kawo, ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda ya ƙoshi da ganin atamfa mai kyan fuska, ko ɗaga kai bai yi ya dubi tayil ba. Ya ciro makullin motarsa, wadda ya baro can bakin titi, ya ƙwanƙwasa bango sau biyu. Bango ya amsa da ƙarar da kowa ya gane. Bai ce komai ba. Ya shiga, ya taka tsawon gidan da ƙafa yana ƙirgawa a ransa, ya taka faɗinsa, ya leƙa ta baya ya tambayi ko na kusa da shi ma na gado ne. Ya taya. Aka ce albarka. Ya ƙara ɗan abin da bai kai kuɗin get ba. Aka koma gefe aka yi ƙus-ƙus, na Abuja ya bugo waya ya ce yana da biyan kuɗin makaranta a wannan watan, aka sallama.

An rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu. Aka fitar da la'ada, aka fitar da kuɗin siminti da na fenti, har da wani kuɗin zirga-zirga da Yaya ya rubuta wa kansa, wanda ya jawo 'yan'uwa mata suka daina gaishe shi. Saura aka raba yadda shari'a ta ce, namiji biyu, mace ɗaya, kan yara da jikokin da suka kusa cika bas.

Mako biyu bayan haka leburori suka iso da diga da shebur, tunda katafila ba ta da hanyar shigowa. Alhaji dama fili ya saya. Bene zai tayar, ƙasa ma'ajiyar kaya, sama 'yan haya. Da bangon gaba suka fara, bai kuma ba su wahala ba.

Da yamma Yaya ya aiko yaro wurin Alhaji, wai yana gaisuwa, kuma in ba za a yi amfani da get ɗin nan ba a taimaka a bar masa, don har yanzu mai walda yana bin sa ciko.