Kowa Da Irin Tasa Gudummawar

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin rasit yana bin ƙofa-ƙofa a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, don a tara abin sayen magani da biya wa talaka kuɗin tiyata, ya fi alƙali sanin halin mutane. Matasan unguwa da 'yan kwamitin gunduma da ke wannan fafutika burinsu ɗaya ne: kada rashin kuɗi ya hana kowa ganin likita. Ga waɗanda sukan ci karo da su.

Na farko Alhaji babban mai ƙaddamarwa. Sai taro ya yi awa biyu yana jira zai iso, babbar riga ta sha bugu. Ya karɓi lasifika, ya ce miliyan biyu a madadin kansa, rabin miliyan a madadin uwargida. Wuri ya ɗauki kabbara. Washegari ka je gida, yana barci. Jibi, ya wuce Kaduna. Mako na sama, ya tafi Umara, a sa shi a addu'a. Kuɗin hayar rumfa da kujeru da lemon da aka saya don tarbarsa kuwa suna nan a wuyan ma'aji.

Sai mai hoto. Shi yana bayarwa, ba a ƙwace masa wannan ba: kwali biyu na farasitamol, masu ɗaukar hoto huɗu. A tashi majinyaci daga barci, a jingina shi da filo, a ɗora masa kwali a cinya, a ce, "Baba, ɗan yi murmushi." Kafin motarsa ta fita ƙofar asibiti labari ya cika Facebook. Tausayinsa na da lokaci, yakan motsa ne idan zaɓe ya ƙarato.

Akwai Malam Na-tura. "Wallahi na tura, duba wayarka." Ka duba, shiru. Ya ce matsalar sabis ce. Gaskiya ne a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An daɗe da buɗewa, amma dubu biyar ɗin Malam har yau tana kan hanya.

Wanda ya fi cinye wa mai yawo yawun baki shi ne Lafiyata-ƙalau. Ka zauna ka yi masa bayanin taimakekeniyar lafiya: kowa ya zuba kaɗan tun yana da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Ka gaya masa jiha na da hukumar wannan aiki, wato ZAMCHEMA, kuma tun 2022 dokar ƙasa ta wajabta inshorar lafiya. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "To in ban yi ciwo ba, ana maido min kuɗɗina?" Shi adashi ya ɗauke ta, yana jiran ranar kwasa. Ka ce a'a, sai ya ɓata rai: "Ashe fatan ciwo kaka yi min." Ranar da naƙuda ta gardama wa iyalinsa da tsakar dare, aka ce a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ranar ce zai sayar da tunkiya da buhun masara a rabin kuɗi, da Asuba kuma a karanta takardarsa a masallaci. Ba shi kaɗai ba ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa.

Lauyan teburin mai shayi ya haddace komai. Ya san a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Ya san dokar lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci. "Wannan aikin gwamnati ne," in ji shi, kuma gaskiyarsa. Amma ka ce ya zo a je sakatariya a tambayi inda aka kwana, sai ya tuna yana da ɗaurin aure. Shayin da yake sha ma bashi ne.

Shi kuwa mai bin diddigi da tambaya yake tarbar ka: "Kuɗɗin da munka ba da bara, ina sunka shiga?" Ka buɗe littafi daga bango zuwa bango, babu sunansa. Sai dai kada a yi saurin yi masa dariya, domin ya san ɗan kwamitin nan mai kuɗin zama, wanda in an tara dubu ɗari, sittin za su tafi a man mashin, katin waya da abincin taron da aka kira don a gano dalilin da ya sa kuɗi ba sa isa.

Mutum biyu ne ba a yi musu ba'a. Ɗaya manomin ƙauye ne, da zai ce maka makon jiya ya yi karo-karon kuɗin fansar maƙwabcinsa, ga harajin da 'yan bindiga suka ɗora kafin a bar su su yi girbi. Ɗayar kuma tsohuwa ce mai ƙosai. Ba ta zuwa taro, ba ta neman rasit. Ta kwance bakin zane, ta miƙo naira ɗari biyu da maiƙo a jiki, ta ce, "Ungo ɗana, Allah ya ba marasa lafiya lafiya." Mako mai zuwa ma haka. In aka yi lissafin shekara, ta fi Alhaji.

Sai dai kuɗin ƙosai ba za su riƙe asibitocin gundumomi 147 na Zamfara ba. Masu tarawa su rubuta kowace naira, su karanta lissafi a bainar jama'a. Kai kuma mai karatu, in ka ba da naka, kada ka tsaya nan. Yi wa iyalinka rajistar taimakekeniya, sannan ka je asibitin gundumarku ka tambayi nawa gwamnati ta turo bana, da abin da aka yi da su.