Yaron Asibiti Da Ya Rikita Ƙofar Mata

To, 'yan gidan kallo, ku matso kusa. Na san karatunku tun kafin ku buɗe baki: ƙwallon gida ba ƙwallo ba ce, ƙura ce da dambe da alƙalin wasa mai leƙen ƙofar gudu. Na ji. Kai mai rigar Chelsea, da ba ka taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba amma kullum "mun sayi ɗan wasa, mun kori koci", amsa mini wannan: a ina Ahmed Musa ya fara?

Kada ka ce Leicester, wannan 2016 ce, an riga an gama dafa tuwon. CSKA Moscow ma ba ita ba ce. Ga wani Bakano can baya ya miƙe yana ihun kirarin Kano Pillars, "Sai Masu Gida!" Zauna, Alhaji, kai ma ka faɗi jarabawa. Yaron ɗan Jos ne. Makarantar horar da 'yan ƙwallo ta GBS ce ta raine shi, ta ba da aronsa ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Eh, asibiti. A can ya fara buga gasar manya, kuma ƙwallo huɗu kacal ya ci a wasa 18.

Ƙwallo huɗu! Da ku aka tambaya a lokacin, da kun ce a kai shi kasuwar Terminus ya koyi awo. Ku da ɗan wasa zai ɓarar da ƙwallo ɗaya ranar Asabar, kafin sallar isha kun sayar da shi, kun raba kuɗin.

A 2009 aka sake ba da aronsa, wannan karon ga Kano Pillars. Ku tuna wace Pillars ake nufi: wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009. Ba wurin da ake lallashin yaro ba ne. Wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san 'yan kallon Kano: su ɗaga ka sama da la'asar, su tambayi wanda ya kawo ka kafin magariba. Ga wasan waje, a kwashi 'yan wasa a bas daga Kano har Aba ko Fatakwal, a sauka da ciwon baya, a tarar da mai tsaron baya da ya kusa haihuwarka yana jiran ƙaurinka. A haka yaron nan, siriri, bai cika shekara 18 ba, ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Ishaya Jatau ya kafa bajintar gasar da ƙwallo 17 tun 1990, shekara ashirin manyan gwaraza suna kai bara suna dawowa, sai ga ɗan aro daga asibiti ya tsallake. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba.

Na hango Malam mai gilashi yana taɓe baki: "Ai gudu kawai ya iya." Ranka ya daɗe, gudun ma iyawa ne, gwada bin Adaidaita Sahu daga Ƙofar Nasarawa ka ba mu labari. In kuma shaida kake so, tambayi Ajantina, biyu ya zuba musu a Kofin Duniya na 2014. In sun ƙi magana, Iceland na nan da nata biyun na 2018. A ranakun nan har da kai aka karya benci don murna, ba mu ji ka ce gudu ne kawai ba.

Abin dariyar, Turawan da kuke jira su sa wa ɗan wasa hatimi kafin ku yarda da shi, su ba su jira ku ba. VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ƙulla ciniki tun yana ɗan 17, sai dai dokar FIFA ta hana a tsallaka da yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, dole suka naɗe hannu har Oktoban 2010. Kafin nan ma ya riga ya sa rigar Super Eagles a wasa da Madagaska. Mutanen Venlo sun san abin da ke faruwa a Ƙofar Mata, kai da ke Fagge kana can kana lissafin albashin Drogba.

Kuma kada ku ce sa'a ce ta mutum ɗaya. Bajintar tasa ko shekara biyu ba ta yi ba Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20, sannan Mfon Udoh na Enyimba ya kai ta 23 a 2014. Na ga an yi tsit. Duk wanda ya faɗa mini kalar rigar Kaduna United ba tare da ya taɓa waya ba, shayinsa na yau a kaina, har da ƙwai biyu.