Nasihar Kyauta Ga Sabon Direban Tirela A Azare

Ƙanena, na ji maigidanka ya yaye ka, har ya miƙa maka makullin DAF. Barka da arziki. Wanda ya shekara bakwai yana kwana a ƙarƙashin mota yana saka waigi ba a koya masa giya. Abin da zan koya maka shi ne sauran aikin, wanda babu sitiyari a cikinsa, kuma shi ya fi yawa.

Fara da sayen tabarma mai kauri da buta da gidan sauro. Lasin a aljihu zai riƙa kwana, tabarma kuwa kullum tana bakin aiki.

Sai ka koyi yaren masu kaya, don Hausarsu daban ce da wadda ka sha a nono. Alhaji zai kira ka ranar Asabar da dare ya ce gobe Lahadi kasuwar Azare, ka kafa mota tun asuba, wake buhu ɗari uku “a haɗe yake”. Fassarar wannan magana ita ce rabin waken yana rumbun manomi a wani ƙauyen Gamawa, kuma manomin bai ma san ya sayar ba. Idan ya ce “yanzu-yanzu”, shimfiɗa tabarma. Idan ya ce “motar da za ta kawo ragowar ta taso daga Giade”, to ana can ana ciniki, ka je ka yi aski. Idan kuwa ya dafa kafaɗarka ya ce “direba, ka ci abinci?”, ka aika gida a gaya wa iyali yau ba tafiya kuma ba dawowa. Da la'asar kaya za su iso, daidai lokacin da 'yan dako suka gano cewa kuɗin da aka yi da su da safe bai yi musu ba.

Af, idan aka ce ka je ka ɗauki kaya a Katagum, tsaya ka tambaya wace. Tun 1916 aka dawo da fadar masarautar Azare, amma garin Katagum na Malam Zaki yana nan inda yake, kusan kilomita 70 daga nan, a ƙaramar hukumar Zaki. Ita kuma ƙaramar hukumar Katagum hedikwatarta Azare. Ba Baguddiren da zai biya maka gas ɗin da ka ƙona wajen koyon tarihi.

Kada ka kuskura ka nemi kuɗin zama. A Amurka al'adarsu ita ce idan aka riƙe mota ta wuce awa biyu a wurin lodi, sai a fara lissafa wa mai kaya kuɗi. A nan ma ana biya, sai dai da “sannu da haƙuri” da ɓarin goro.

Ƙarfe goma na dare an ɗaure tamfol, ɗan kamasho ya karɓi nasa, ɗan yuniyan ya yaga rasit. Daga wannan minti mutumin da ya zaunar da kai wuni guda zai rikiɗe ya koma sarkin gaggawa: jibi da sassafe yake son kayansa a Mile 12. Daga Azare zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, doka kuma ba ta yarda tirela ta wuce kilomita 60 a awa ba ko a kan tagwayen hanya. Buga lissafin da kanka: kusan awa 17 ke nan ko da ba ka tsaya fitsari ba, ba a saka shingayen hanya da faci da salla a ciki ba. Kada ka gaya masa wannan lissafi. Ka ce “in Allah ya yarda”, ka tayar da mota.

A ƙasashen Tarayyar Turai direban babbar mota awa 9 yake tuƙi a rana, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta na minti 45. Akwai na'ura a gaban motar da ke rubuta komai, ba ta karɓar na goro. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, kullum tana jan kunne a huta bayan tuƙin awa huɗu, a 2017 kuma ta matsa a saka wa motocin haya na'urar taƙaita gudu, duk da cewa ramukan hanya sun daɗe suna yin wannan aiki kyauta. Amma na'urar da ke ƙirga awanninka ta gaskiya ita ce wayar maigida: “Kana ina? Har yanzu Wudil?” Gajiyar da aka loda maka tare da wake a Azare babu wanda ya rubuta ta a takardar kaya.

Don haka ka riƙe goro da shayi mai kauri, ka kuma sa yaron mota ya riƙa yi maka musu a kan ƙwallo. Ƙwayar nan da ake miƙowa a tasha ana cewa tana korar barci, a nan ba wasa nake ba, ka bar ta. Ba ta korar komai, tara maka shi take yi ta biya ka a dunƙule a kan kwana.

Saura wurin tsayawa, wanda shi ne babban ilimi. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye, kuma kwalta ta yi kyau, ba laifi. Sai dai kamar an ɗauka tirela shaho ce, a sama take hutawa. Ka tsaya cikin gari, masu shago su ce ka toshe musu ƙofar arziki. Ka tsaya a daji, a zuƙe maka gas a kwance batir. Ka tsaya a gefen titi, da safe ga mai kaki da littafi. Dabarar magabata ita ce ka nemi inda 'yan uwanka suka jeru, ko a Kwanar Huguma ko a Mararrabar Jos ko a Tafa, ka cusa hanci a tsakaninsu, ka sallami maigadi, yaron mota ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin tanki. Idan mota ta mutu a hanya, karyo ganye ka jera a baya. Ka zaɓi ɗanye, kuma ka sa ido, don awakin ƙasar nan ba su san alamar hanya ba.

Hutun da na san direbobinmu sun samu cikakke shi ne na daminar 2024, da ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Motoci suka yi layi, kowa ya yi barci har ya gode Allah, masu shayi suka yi ciniki.

Kai dai kada ka jira ruwa. Duk inda ka ga fitilar mota ɗaya ta zama biyu a idonka, gangara ka ja birki, a saka waigi, ka kashe waya ka kwanta. Da safe ka gaya wa maigida babu sabis a wurin. Shi ma haka ya ce maka ranar da ka kira shi kan kuɗin taya.