Jatan Lande Ya Shigo Gyaɗi-Gyaɗi

Daga Kano zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, amma hakan bai hana matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ɗaura ɗamarar yin miyar kori ta jatan lande da madarar kwakwa ba, irin wadda ake yi a Kerala ta ƙasar Indiya. Wayar hannu ce ta jawo mana.

Albasa, tafarnuwa, citta, kurkum da attaruhu duk suna nan Kasuwar Tarauni. Kwakwa ma a baro ake yawo da ita, sai a kankare, a markaɗa, a tace. Jatan landen ne sai an shiga babban kanti an buɗe firiza, in aka ji farashi kuwa a fara lissafin kaji nawa kuɗin zai saya. Ga shi ba ya son wuta, minti 3 zuwa 4 sun ishe shi. Uwargidan da ta saba ba ganda awa biyu, in ta yi masa haka, roba za ta sauke.

Babban aikin yana kan tabarma. Maigida ya leƙa kwano, ya ce, "Hajiya, wannan ƙwaron fa?" Mutumin da jiya-jiya ya cinye ƙullin fara da yaji a bakin Titin Zariya! A gaya masa a mazhabar Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, ya ce ai shi bai ce haramun ne ba, a dai ɗumamo masa tuwon jiya da miyar kuka.

Don haka 'yar'uwa, ranar jatan lande ki ɗora tukunya biyu.